Dan Allah wa zai fassara min self-abandonment da Hausa?

Ƴar Garwa:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu Ingilishi ku taimaka min, ni karatuna duk da Faransanci na yi shi, Ingilishina ɗan na lise ne, wato sakandare, wanda aka ci bak, jarrabawar gama makaranta, da shi aka ajiye. Akwai wata kalma da take ta yawo a bidiyoyin TikTok kwanan nan, self-abandonment, yawanci mata ne ƴan Amurka suke maganarta wasu har da hawaye. Na sa ta a Google ya ba ni abandon de soi, to wannan ai bai ƙare ni da komai ba. Na duba ƙamus kuma sai na ga wani abu daban, wai rashin kamun kai, alhali wlh abin da matan nan suke faɗa bai yi kama da rashin kamun kai ba ko kaɗan, su maganar mutumin da kullum yake cewa to ga kowa suke yi. Ga kuma ƴan uwanta su self-neglect da self-denial da self-sacrifice da selfless, duk sun cakuɗe min a kai.

Abin da ya sa na matsa, ƙungiyarmu ta matan unguwa sun ce in ɗan yi bayani kan damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa a zama mai zuwa, da Hausa da Fulatanci za a yi, kuma akwai iyayena a ciki bana so in tsaya gabansu in faɗi abin da ba shi ba. Me za a kira abin nan da Hausa?

Malamin Ingilishi, Marwa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙamus ɗinki bai yi ƙarya ba, matan TikTok ɗin ma ba su yi ba, kalmar ce take ɗauke da ma'ana har uku kuma ba sa ga maciji da juna.

Fara da abandon ɗin. Ke da kika yi Faransanci kin riga kin san ta, don a wurin Faransawa Ingilishi ya aro ta. Tun 1066 da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi fada da kotu suka koma yin Faransanci shekaru aru-aru, kalmomi suka yi ta kwarara cikin Ingilishi, ita wannan ta shiga wajen ƙarni na 14. Asalinta à bandon, wato ƙarƙashin ikon wani, ka damƙa abu a hannun wani ya yi yadda ya ga dama da shi. Saki kenan, ka cire hannunka. To in mutum ya saki kansa sai a tambaya wa ya sakar wa, daga nan ma'anonin suka rabu.

In son zuciyarsa ya sakar wa, shi ne rashin kamun kan da kika gani. She danced with abandon, ta saki jiki ta yi rawa ba ruwanta da idon mutane. He abandoned himself to grief, ya bar baƙin ciki ya tafi da shi bai ma yi ƙoƙarin daurewa ba. Har a tsofaffin littattafai in kika ga an abandoned woman ba lallai wadda miji ya tafi ya bari ake nufi ba, wani lokaci matar da ta lalace ake nufi, wannan yana kayar da ɗalibaina sosai.

In kuma Allah ya sakar wa, kalmar ta koma yabo. Akwai littafin da ake jingina wa wani limamin Katolika Bafaranshe, Jean-Pierre de Caussade wanda ya rasu 1751, ba a buga shi ba sai 1861, da aka mayar da shi Ingilishi wata fassarar Self-Abandonment to Divine Providence ta kira shi. A nan abin da ake nufi miƙa wuya, kusa da abin da mu muke ce wa tawakkali. Waɗannan biyun su ne za ki samu a ƙamus irin su Merriam-Webster.

Ta ukun ita ce taki kuma ita ce ƙaramarsu, masu ba da shawara kan halayyar ɗan Adam ne suka yaɗa ta, intanet ta ƙara mata gudu. Su a wurinsu mutum ne ya yi watsi da kansa don kada wasu su yi watsi da shi. Ransa baya so ya ce to. An ɓata masa shi zai ba da haƙuri. A tambaye shi me kake so ya ce duk wanda kuka zaɓa, kuma ba kara yake yi ba, da gaske ya daina sanin abin da yake so ɗin saboda ya daɗe bai tambayi kansa ba.

Sauran ba su da wuya. Self-denial hana kai abin da rai yake so da gangan saboda wata manufa, mai azumi, ko wanda ya haƙura da sabuwar waya yana tara kuɗin makarantar yara, Faransanci zai ce abnégation, Ingilishi ma yana da self-abnegation amma sai a littafi ba wanda yake faɗarta a hira. Self-sacrifice sadaukarwa. Selfless yabo ne tsantsa, kishiyar selfish mai son kai. Self-effacing kuma mai ja da baya ne wanda baya son a gan shi, irin s'effacer ɗinku. In Bature yana so ya faɗi abin naki da yaren titi people-pleaser zai ce, in da raini kuma doormat, abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Self-neglect na bar wa ƴan asibiti, nasu ne.

Kalma ɗaya tak ta Hausa da za ta ɗauke ta, ni dai ban yarda akwai ba. Watsi da kai ya fi kusa amma sai kin bi shi da misali.

Ɗan Kusiri:

Hhhh malam ai ni ka zana. Ashe ciwon namu har suna yake da shi da Ingilishi. Ni ɗan fari ne, kullum sai na tsallaka gadar Ngeli na shiga Injamena aiki na dawo, wata yana ƙarewa kafin kuɗin su kwana a aljihuna saƙo ya fara shigowa, wannan kuɗin makaranta wannan magani wannan bikin ƴar kawu za a yi anko, in tsaya wurin mai Orange Money ina turawa ina kallon takalmina da ya buɗe baki ta gaba tun damina. Na iyayena wlh bana jin komai, wannan dole ne kuma da daɗin rai nake yi. Wanda yake cina shi ne na wanda zai kira ya ce a ranta masa dubu goma sefa, na san ba zai biya ba shi ma ya san na sani, bakina ya kasa cewa babu, in tura in dawo gida in kwana ina tsaki. Kuma ba mata kaɗai abin yake ci ba anti, ki faɗa musu.

Ustaz Abu Hafsa:

Assalamu alaikum. Malam ya yi bayanin lugga, Allah ya saka. Amma ni ina da tsoro ɗaya game da irin waɗannan kalmomin da ake kwaso mana daga waya. Mutanen da suka ƙirƙiro su al'adarsu daban, yaro ya kai shekara 18 a ce ya kama gabansa, tsoho a kai shi gidan tsofaffi. In ba a yi hattara ba gobe yarinya za a ce ta dafa wa surukarta abinci ta ce a'a ni bana self-abandonment. Mu a addini fifita wani a kan kai ba cuta ba ce, daraja ce, sunanta isari. Allah ya yabi mutanen Madina da ita a Suratul Hashri aya ta 9, cewa suna fifita wasu a kan kawunansu ko da su ma suna cikin buƙata.

Sai dai adalci shi ne in kawo ɗaya ɓangaren, tunda yana cikin Buhari. Annabi SAW ya ƙulla ƴan uwantaka tsakanin Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salmanu ya kai masa ziyara ya tarar da matarsa Ummud Darda'i cikin tufafi marasa kyau ba ta gyara kanta ba, ya tambaye ta ta ce ɗan uwanka ba ruwansa da duniya. Aka kawo abinci Abud Darda'i ya ce ci ni ina azumi, Salmanu ya ce ba zan ci ba sai ka ci, ya ci. Dare ya yi Abud Darda'i ya tashi zai yi salla Salmanu ya ce masa kwanta, ya sake tashi ya ce kwanta, sai can ƙarshen dare ya ce to yanzu tashi, suka yi salla tare. Sannan ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labari ya kai wa Annabi SAW sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya.

Don haka ƴar uwa in za ki yi magana gaban iyayenmu mata ki bar musu sunan Turawa, ki ce tauye haƙƙin kai. Wannan sun san shi kuma ba wadda za ta ce kin zo raba aure. Batun tawakkali da malam ya kwatanta kuma, a kula, namu sai an ɗaure raƙumi tukuna, ba sakin komai ba ne.

Malamar Asibiti, Ngaundare:

Tunda malam ya jefo mana ƙwallo bari in karɓa. Self-neglect da ido ake ganinsa. Tsoho ne ko mai ciwon damuwa mai tsanani da ya daina wanka, ya daina cin abinci, magani yana ajiye baya sha, ɗaki ya yi ƙura farce sun yi zaƙo-zaƙo. Wannan a kawo shi asibiti kawai ba wani dogon Turanci. Ita kuwa self-abandonment ki sani ba sunan cuta ba ce, babu ta a jerin cututtukan kundin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka wanda ya fito 2013, kalmar bayani ce kawai, kada ki ce wa mata suna da wata cuta sabuwa su tsorata.

Amma halin da take nunawa kam muna ganinsa kullum, kuma mai shi tsaf-tsaf take zuwa da turarenta da lallenta ba za ka ce komai ba. Mace za ta kawo jinyar uwar miji, ta kwana a tabarma a ƙasa, ta tashi da asuba ta koma gida ta dama kunu ta sallami yara makaranta ta dawo da kwanon tuwo a kai, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya yi mata shaida. Ka ce Hajiya zo in gwada miki tansiyo, awon hawan jini kenan, ta ce a'a ni lafiyata lau ku dai duba Inna. Ka matsa ka gwada ka ga 18 a kan 11, jini ya hau sosai, ka tambaya ta ce ai an taɓa rubuta mata magani tun haihuwar auta, ta sha na wata ɗaya kuɗin suka tafi wani wuri, kuma ba ta faɗa wa maigidan ba wai kada ta ɗora masa nauyi. Wani lokaci in ka kira shi gefe ka ga mutumin kirki ne bai ma sani ba, nan take zai je famasi ya sayo. Ba wanda ya hana ta, ita ce ta cire sunanta daga cikin masu buƙata a gidan.

Ustaz ni a nan nake ganin bambancinsa da isari. Mai isari ya san yana so, ya san haƙƙinsa ne, ya ɗauka ya bayar da zuciya ɗaya kuma in ya ga dama gobe ya ce yau kam ba hali. Wannan kuwa tsoro ne yake tuƙa ta, kada a ce ba ta da kirki, kada a ce ƴar gidan wane ba ta da tarbiyya, kada a yi mata kishiya. Alamar da nake dubawa ita ce bayan an bayar ɗin me ya rage a zuciya, in natsuwa ce to alhamdulillahi, in kuwa irin tsakin Ɗan Kusiri ne da rashin barci da ciwon kan da ba ya jin parasitamol, da sauran magana.

Kuma tunda da Fulatanci za ku yi, ki shirya don munyal za su jefo miki, wato haƙuri, da semteende, wato kunya. Duk amaryar da za a kai ɗaki a Garwa ko Marwa ko nan Ngaundare da wannan ake sallamarta, mu ma Hausawa haƙuri dai haƙuri dai, yi na yi bari na bari. Marubuciyar nan ƴar Marwa Djaïli Amadou Amal a kan munyal ɗin ta yi littafinta da ya ci kyautar adabi ta Goncourt ta ƴan lise a Faransa a 2020, kin ga ba daga Amurka aka fara jin zafin abin ba.

Ɗan Kusiri:

Ni da na ɗauka inuwar giginya ce Hausarta, na nesa ka sha.

Malamin Ingilishi, Marwa:

Ta kusa amma ba ita ba ce ƙanena. Inuwar giginya iyalinsa yake bari cikin rana ya yi wa bare alheri, kuma sau da yawa shi kansa yana cin daɗinsa yana shan kirari a waje. Wannan kuwa na gida da na waje duk suna sha, shi ne a rana.

Hajiya Babba, Injamena:

Jikata ce take karanta min tana rubuta abin da na ce. Ni dai ƴaƴana ku bi a hankali da haƙurin nan da kuke ta sara. Da shi muka riƙe gidaje, da shi aka yi ku har kuka yi karatun da kuke mana Turanci yau. Na zauna da abokan zama, na riƙe ƴaƴan da ba ni na haifa ba, na ci ƙanzo yara sun ci tuwo, kuma ban yi nadama ba don Allah nake yi ba don wani ya gode ba. Yanzu kuwa abu kaɗan yarinya ta haɗa kaya.

Amma maganar malamar asibiti gaskiya ce ba zan ƙi ta ba. Ina da ƙanwa Allah ya ji ƙanta, ƙullutu ya fito mata a nono ta ɓoye, kunya take ji likita namiji ya gani kuma wai ana shirin bikin ɗiyar mijinta kada ta ɓata wa mutane sha'ani. Ko ni da muke ciki ɗaya sai da abin ya fashe na sani. Wannan mu ma a da ba ma kiransa haƙuri, cutar kai muke cewa. Haƙuri a kan abin da ba ka da iko ne. Abin da yake da magani ka zauna ka rufe baki ai ba lada a ciki.

Ƴar Garwa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Allah ya ji ƙan ƙanwarki ya sa ta huta, wlh jikina ya yi sanyi. Yanzu ina da uku kenan, watsi da kai na malam, tauye haƙƙin kai na Ustaz, da cutar kai na Hajiya. Ina ga da na Hajiya zan buɗe don shi ne tsofaffi za su gane nan take, sai in kawo hadisin Salmanu. Malam tambaya ta ƙarshe, kishiyarta fa? Na ga suna cewa self-care da self-love, shin ba son kai kenan ba? Don in na ce son kai a wurin nan an gama da ni.

Malamin Ingilishi, Marwa:

Kada ma ki kuskura. Son kai a Hausa zagi ne, selfishness kenan, duk da muna cewa so duka so ne amma son kai ya fi, kowa ya san da zolaya ake faɗa. Self-care ki ce kula da kai, barci da abinci da shan magani da zuwa awo, ba wani abu ba. Self-love ita kanta a tsohon Ingilishi ta fi karkata ga zargi, kusa da girman kai da ji da kai, daga baya ne aka wanke ta ta koma yabo, shi ya sa in kika fassara ta kai tsaye take fitowa da warin da. Ki ce sanin darajar kai ko mutunta kai, self-respect kenan ma, kuma ya fi zama daram a bakin Bahaushe. Sannan boundaries da za ki ji suna ta maimaitawa iyaka ce kawai, sanin inda to ɗinka ya tsaya. Fulatancin kuma ki samu wata dattijuwa a cikinsu ku zauna kafin ranar, kada ki fassara daga Hausa a tsaye gaban mutane.

Malamar Asibiti, Ngaundare:

In da hali ki roƙi wata daga asibitin unguwarku ta zo da abin gwada tansiyo a gwada kowa bayan bayanin, minti biyu ne kowace mace. Za ki sha mamakin lambobin da za su fito.

Hajiya Babba, Injamena:

Kuma ɗiyata ki ce wa shugabar taku wani zaman a kira mazan su ma su zauna ko daga bayan labule ne. Mu an faɗa mana mun ji, to in mace ta koma gida ta ce yau ba ta iya tuƙa tuwo ƙafarta ta kumbura, wa zai amsa mata? Shi yaron Kusiri kuma ya je ya sayi takalmi kafin wata ya ƙare.